Motown da Masu Cewa Ba Kiɗan Baƙar Fata Ba Ne

A shekarar 1986 marubucin nan Ba'amurke, Peter Guralnick, ya fitar da littafinsa Sweet Soul Music a kan tarihin kiɗan soul. Tun a gabatarwa ya sallami kamfanin Motown na Detroit. A ganinsa soul na gaskiya shi ne na Kudu, wanda ya taso daga Memphis da Muscle Shoals da Macon da ƙurar coci a ƙafarsa. Shi kuwa abin da ake yi a Detroit, domin kunnen farar fata da aljihun 'yan kasuwa aka yi shi. Littafin yana da kyau, kuma duk mai son sanin Otis Redding ko Solomon Burke dole ya bi ta cikinsa. Hukuncin nan ne bai yi ba, kuma abin haushi, hukuncin ya fi littafin yawo. Yau sai ka ji wanda bai taɓa zama ya saurari faifan Four Tops ɗaya daga farko har ƙarshe ba yana taɓe baki, wai ai Motown kwalliya ce kawai, kamfanin Stax na Memphis ne na ainihi. Ni ban yarda ba. A ganina an gurfanar da Berry Gordy, wanda ya kafa Motown, a kan laifin da bai aikata ba, aka bar wanda ya aikata yana kwance babu mai tayar da shi.

Tarihin ba ya buƙatar dogon zance. Tun 1920, da Mamie Smith ta yi Crazy Blues wa kamfanin Okeh aka ga yadda Baƙaƙe ke tururuwar saye, masu kamfanonin faifai suka gane akwai kuɗi a muryar Baƙar fata. Muryar tasu ce, kuɗin na wasu. Harry Pace ya yi yunƙurin sauya wannan a 1921 da ya kafa Black Swan a Harlem, amma zuwa 1924 kamfanin Paramount ya haɗiye shi. Don Robey ya kafa Peacock a Houston a 1949. Vivian Carter da mijinta James Bracken sun kafa Vee-Jay a 1953, har suka riga manyan kamfanoni fitar da faya-fayen Beatles a Amurka, duk da haka suka durƙushe a 1966. Wannan ita ce maƙabartar da Gordy ya ratsa ta gefenta. Ɗan dambe ne da bai yi nisa ba, ya buɗe shagon faya-fayen jaz ya karye, ya koma layin haɗa motoci na Lincoln-Mercury yana aiki, yana rubuta wa Jackie Wilson waƙoƙi ana ba shi abin da bai taka kara ya karya ba. A Janairun 1959 ya ranci dala 800 daga asusun taimakon juna na gidansu ya kafa Tamla, wanda ya zama Motown a 1960. Ya sayi gida mai lamba 2648 a titin West Grand Boulevard, ya mai da garejin ɗakin ɗaukar waƙa, shi da iyalinsa suna kwana a bene. Shop Around ta Miracles ta sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya, Please Mr. Postman ta Marvelettes ta hau kan jadawalin Billboard a 1961, sannan tsakanin 1964 da 1965 Supremes suka jera waƙoƙi biyar kowace ta zo ta ɗaya.

To, mu dubi abokin gwamin da ake ɗaga wa tuta. Jim Stewart da yayarsa Estelle Axton ne suka kafa Stax, dukansu farare, kuma shi Stewart ma'aikacin banki ne mai goge irin na kiɗan kantiri. A cikin makaɗan gidan, wato Booker T. & the M.G.'s, mai jita Steve Cropper da mai bes Duck Dunn farare ne. Mai rarraba faya-fayensu shi ne Atlantic na Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya, da Jerry Wexler. Waƙar da ta buɗe wa Aretha Franklin ƙofa a 1967, a Muscle Shoals aka ɗauke ta, kuma akasarin makaɗan da suka raka ta samarin farare ne na Alabama. Babu aibu a cikin ko ɗaya daga waɗannan. Cropper gwani ne, kuma zaman Baƙi da farare a ɗaki ɗaya suna aiki a Memphis ta wancan zamani abin yabo ne. Amma idan da launin fata za a auna asali, ma'aunin ya juya wa mai riƙe da shi. Kamfanin da aka ce ya bi farare, Baƙar fata ne ya mallake shi tun daga ƙofa har ɗakin ajiya. Wanda aka ce shi ne na ainihi kuwa, da Atlantic ta koma hannun Warner, sai a 1968 Stewart ya farga cewa takardar da ya sa wa hannu a 1965 ta miƙa wa Atlantic mallakar faya-fayen da suka yi ta rarraba masa. Otis Redding ya mutu a haɗarin jirgi a Disambar 1967, bayan 'yan watanni aka wayi gari muryarsa ma ba ta gidan ba ce. Al Bell, ɗaya daga shugabannin kamfanin, ya yi namijin ƙoƙari ya sake tayar da Stax, amma a 1975 ta rufe.

Raba Kudu da Arewa da ake yi ma bai da tushe. Su waye mutanen Detroit ɗin? 'Ya'yan ƙaura ne, cikin mutum kusan miliyan shida da suka baro gonakin auduga da dokokin wariya suka nufi birane. Iyayen Gordy daga Georgia suka zo. Ka ɗauki Temptations biyar ɗin da aka fi sani: Eddie Kendricks da Paul Williams da Melvin Franklin a Alabama aka haife su, Otis Williams a Texas, David Ruffin kuwa ɗan mai wa'azi ne daga Mississippi. Martha Reeves haihuwar Alabama ce. Marvin Gaye a cocin mahaifinsa ya fara waƙa. Ita kanta Aretha, wadda ake kafa hujja da ita, a Detroit ta girma, a cocin New Bethel na mahaifinta C. L. Franklin, kuma Smokey Robinson abokin wasan ƙuruciyar gidansu ne a unguwa. Mutum ba ya barin kakarsa a tasha don ya hau jirgin ƙasa.

Akwai abin da zan ba masu suka, don gaskiya ce. Gordy ya nemi kasuwar farare ido rufe. Taken kamfanin ma sautin matasan Amurka yake cewa, bai ambaci launi ba. An fitar da wasu faya-fayen farko babu hoton mawaƙan a bango don kada shagunan Kudu su ƙi karɓa: na Marvelettes akwatin gidan waya aka zana, na Isley Brothers na 1966 kuwa saurayi da budurwa farare aka sa a bakin teku. Barney Ales, wanda ke riƙe da sashen ciniki, fari ne, kuma da gangan aka ɗauke shi don ya iya karɓo bashi daga dillalai. Maxine Powell ta koya wa 'yan matan da suka taso a gidajen gwamnati yadda ake tafiya da zama da fita daga mota, Cholly Atkins ya tsara musu takun rawa, aka kai Supremes gidan rawa na Copacabana a 1965 suna rera waƙoƙin Broadway. Wasu daga waɗannan faya-fayen na Copa ko ni ba na iya jin su. Sai dai duk wannan bango ne da riguna. Mai nazarin da ya tsaya a nan, da ido ya saurari kiɗan.

Abin da ya kamata a saurara shi ne amshi. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa. Wanda ya tashi yana jin Shata ya san waƙa ba ta mutum ɗaya ba ce: uban waƙa ya jefa, 'yan amshi su cafe, kalangu ya cike gurbin da ya rage, wani lokaci ma shi ke ba da amsar kafin baki ya buɗe. Wannan tsari shi ne ƙashin bayan kiɗan Baƙaƙen Amurka tun daga waƙoƙin gona har cocin Baftis, inda mai wa'azi ba ya kai ƙarshen jimla sai jama'a sun tarye shi. Waƙar farare ta rediyo a shekarun 1950 ba haka take ba. Mawaƙi ne a gaba, kowa da komai na biye da shi a ladabce. Abin da Motown ta yi shi ne ta ɗauki amshin coci ta shimfiɗa shi hawa uku a cikin waƙar minti uku, ta lulluɓe shi da gogen Turawa, ta aika da shi gidajen da ba su taɓa taka cocin Baƙi ba.

Hawa na farko kowa na jin sa: muryoyi. Martha Reeves ta kira, Vandellas su amsa. Levi Stubbs ya yi kururuwa, sauran Four Tops su kwantar masa da hankali. Abin da yawancin masu saurare ba su sani ba shi ne akwai wasu mata uku, Jackie Hicks da Marlene Barrow da Louvain Demps, da ake kira Andantes, waɗanda muryarsu ke cikin dubban waƙoƙin gidan. Wannan siririn sauti na sama da kake ji a bayan Four Tops, wanda maza huɗu ba za su iya kai wa ba, su ne. A wasu faya-fayen ƙarshen shekarun 1960 masu ɗauke da sunan Supremes ma, Diana Ross ce da Andantes kawai. Hawa na biyu shi ne bugu. A yawancin waƙoƙin da Holland da Dozier da Holland suka tsara, ƙaramar ganga tana sauka a kan kowane taku huɗu, ba a na biyu da na huɗu kaɗai ba, kuma a kanta akwai tafi da ɗan bandirin nan mai kacau-kacau da Jack Ashford ke kaɗawa. Wannan kayan coci ne tsantsa, irin na masu tsarki da ke rawa har su faɗi. A Where Did Our Love Go ƙafa ce ake bugawa a kan katako. A Nowhere to Run sarƙar tayar mota aka yi ta makawa. Wai wannan ne kiɗan da aka wanke don kada ya firgita farare.

Hawa na uku shi ne inda nake so mu daɗe, domin a nan ne Motown ta yi abin da babu wanda ya riga ta. Ina nufin jitar bes ta James Jamerson. An haife shi a 1936 a gaɓar Karolaina ta Kudu, ya zo Detroit yana saurayi, ya koyi babbar bes ta tsaye, ya goge a gidajen jaz na dare. Kafin shi, aikin mai bes a waƙar rediyo aikin gadi ne. Ya taɓa tushen sauti, ya taɓa na biyar ɗinsa, ya dawo, ya maimaita har a tashi. Ba a jin sa sai ya yi kuskure. Jamerson ya ƙi wannan matsayi. Da yatsa ɗaya yake kaɗawa, manuniya, kamar yadda ya saba a kan ta tsaye. Tsirkiyoyinsa masu kauri ne, ba ya sauya su sai sun tsinke, kuma akwai soso a ƙarƙashinsu da ke kashe amon da wuri. Saboda haka kowane sauti nasa gajere ne, mai nauyi, yana faɗowa ya ɗauke, ya fi kusa da ganga a kan jita. Da wannan murya ya shiga yi wa mawaƙi amshi.

Ka saurari Bernadette ta 1967, ka manta da Stubbs na ɗan lokaci, ka bi ƙasa. Yayin da mawaƙin ke riƙe da dogon sauti, bes ba ta jira shi. Tana gangarowa, ta taka sautukan da ba sa cikin ma'aunin waƙar don ta haye zuwa na gaba, ta iso kafin lokaci da rabin taku, ta ɗan yi shiru inda kunne ke jiran ta, sannan ta hau da gudu daidai lokacin da shi yake jan numfashi. Da ya buɗe baki sai ta koma ƙasa ta ba shi fili. Da wuya ka samu layi biyu a jere da ta maimaita iri ɗaya. Waƙar ta mutumin da kishi ya hana shi sukuni ce, kuma rashin sukunin a bes yake zaune. Stubbs yana faɗin abin da ke damunsa, Jamerson yana nuna yadda cikinsa ke juyawa. Can kusa da ƙarshe sai komai ya ɗauke, amshin ya dusashe, ka ɗauka an gama, sai Stubbs ya ƙwala kiran sunan shi kaɗai babu kiɗa, sannan kowa ya rufto. Wannan dabarar mai wa'azi ce: ka hana jama'a amsa na daƙiƙa biyu don su ji yunwarta.

A Reach Out I'll Be There ta 1966 dabarar ta sake kama. Masu tsara waƙar da gangan suke ɗora wa Stubbs ma'aunin da ya fi ƙarfin maƙogwaronsa. Muryarsa mai kauri ce, sai su tura shi sama har ya zama tsakanin waƙa da ihu. Baitin yana tafe cikin damuwa, 'yan amshi na cusa gajerun kalmomi a tsakanin nasa, ana ta hawa, har a zo wata gaɓa kafin amshi inda sautin ya rataye bai sauka ba. A wannan ɗan gurbi, wanda wani makaɗi zai bari fanko, bes ce ke yin 'yar gajeriyar magana ta tura kowa cikin amshin. Cire ta ka ji yadda ginin zai rasa matakala. A My Girl kuwa, wadda Smokey Robinson da Ronald White suka rubuta, an juya tsarin gaba ɗaya. Bes ce ke fara magana ita kaɗai, sautuka uku tana maimaitawa kamar bugun zuciya, sai jitar Robert White ta amsa da hawa shida a kan ma'auni mai sauti biyar, sai ƙyasta yatsu, sai ganga. Kafin David Ruffin ya ce uffan an riga an yi kira an amsa sau biyu. Gogen da ake zargi, wanda makaɗan Detroit Symphony ke zuwa su kaɗa, sai can baya yake shigowa, kuma shi ma amsa yake bayarwa a inda murya ta tsaya.

Wannan ne ya sa nake ganin kwatanta shi da Stax ba ya kai mu ko'ina. Duck Dunn yana kafa turke ne ya tsaya a kai, ƙahonni su yi amshin, kuma hakan na da daɗinsa. Jamerson yawo yake yi. Idan ana neman wanda ya fi nisa da waƙar farare ta rediyo, wanda ya fi cika kowane gurbi da zance tsakanin kayan kiɗa, to na Detroit ne. Paul McCartney da kansa ya sha faɗin cewa daga Jamerson ya koyi sakin bes ta yi waƙa, tun lokacin da bai ma san sunansa ba. Wato tasirin daga Detroit ya tafi Ingila, ba daga can ya zo ba.

Ina Gordy a cikin wannan duka? A nan ma ina da saɓani da masu raba mutanen kiɗa gida biyu, masu fasaha a dama, 'yan kasuwa a hagu. Gordy marubucin waƙa ne kafin ya zama mai kamfani, kuma tsarin da ya kafa shi ma aikin fasaha ne. Daga masana'antar mota ya ɗauko shi, bai taɓa ɓoyewa ba. Kowace Juma'a da safe akwai taron tace waƙoƙi. Billie Jean Brown ce ke zaɓo waɗanda suka cancanci a saurara, a kunna, a jefa ƙuri'a, kuma ta Gordy kansa tana iya faɗuwa. Tambayar da aka san shi da ita ita ce, idan kana jin yunwa kuma dala ɗaya gare ka, faifan za ka saya ko abinci? Ana gwada kowace waƙa a ƙaramar lasifika irin ta rediyon mota, domin a nan matasa za su ji ta. Wannan ne dalilin da ya sa aka ɗaga bandiri da tafi suka yi kaifi, aka kuma turo bes gaba yadda ƙaramin rediyo ba zai haɗiye ta ba. Buƙatar kasuwa ce ta fito da Jamerson fili. Furodusoshi kuma gasa suke yi: wanda ya ba mawaƙi waƙar da ta ci kasuwa shi zai yi ta gaba, wanda ya faɗi a ba wani. Ta haka Norman Whitfield ya karɓe Temptations daga hannun Smokey a 1966.

Tsarin yana kuskure, ba shakka. Taron Juma'a ya ƙi I Heard It Through the Grapevine ta Marvin Gaye, aka fitar da ta Gladys Knight a 1967, sai da masu gabatar da shiri a rediyo suka tono ta Marvin daga cikin babban faifai a 1968 sannan ta zama waƙar da ta fi kowace ciniki a gidan zuwa lokacin. Gordy ya ƙi What's Going On ma, Marvin ya yi yaji ya ce ba zai sake ɗaukar komai ba sai an fitar, kuma da ta fito a Janairun 1971 kasuwa ta ba shi gaskiya. Masu suka na son wannan labari, suna cewa ga shaidar tsoron siyasa. Sun manta cewa tun 1963 kamfanin ya fitar da faifan jawabin da Martin Luther King ya yi a babban tattakin Detroit, kuma a 1970 ya buɗe reshen Black Forum, wanda ya fitar da jawabin King na adawa da yaƙin Biyetnam da muryoyin Stokely Carmichael da Langston Hughes. Gordy mai taka-tsantsan ne da kuɗinsa. Matsoraci ba ya tura motar mawaƙansa Kudu a 1962, inda ake raba masu kallo da igiya, har a harbi motar a Birmingham.

Laifinsa na gaskiya a wani wuri yake. Makaɗan da na shafe wannan nazari ina yabo, ba a rubuta sunayensu a bangon faya-fayen mawaƙan da suka raka ba tsawon shekaru goma sha biyu. Jamerson, da Benny Benjamin mai ganga, da Earl Van Dyke mai fiyano, da Robert White, da Joe Messina, da Eddie Willis, da Uriel Jones, da Pistol Allen, waɗanda suka kira kansu Funk Brothers, sai a faifan What's Going On na 1971 aka fara rubuta sunayen wasunsu, kuma Benjamin bai gani ba don ya rasu a 1969. Da farko 'yan daloli ake ba su a kan kowace waƙa. Idan aka kama ɗayansu ya je ya yi wa wani kamfani kiɗa da dare, tara ake cin sa. Wato an san darajarsu sarai, shi ya sa aka ɓoye su. Rashin rubuta suna ya haifar da rigimar da har yau ba ta mutu ba, domin Carol Kaye, gwanar bes ta Los Angeles, ta yi iƙirarin ita ta kaɗa wasu daga waƙoƙin nan, har da Bernadette. Abokan aikin Jamerson sun ƙaryata, kuma kunnena yana tare da su, amma da an rubuta suna tun farko da babu wanda zai buɗe baki. Kafin mu yi saurin zagin Gordy kuma, mai karatu ya gwada kawo sunan makaɗin kalangu ɗaya ko ɗan amshi ɗaya daga cikin waɗanda suka yi shekaru a bayan manyan mawaƙanmu.

Ba makaɗa kaɗai ba. Mary Wells ta fice a 1964 tana da shekara 21, jim kaɗan bayan My Guy. Holland da Dozier da Holland, waɗanda suka rubuta yawancin waƙoƙin da suka ɗaga Supremes da Four Tops, sun bar gidan a 1968 a kan rabon kuɗi, aka shiga kotu shekara da shekaru. An cire Florence Ballard daga Supremes a 1967, ta rasu a 1976 tana da shekara 32 bayan ta ɗanɗani talauci. Kamfani ɗaya ne mai faifan, shi ne manajan mawaƙi, shi ne kuma, ta hannun reshensa Jobete, mai haƙƙin waƙar. Stevie Wonder ne ya karya wannan ƙulli, da ya cika shekara 21 a 1971 ya ƙi sabunta yarjejeniya sai da aka ba shi ikon aikinsa da kamfanin haƙƙin mallakarsa. A 1972 Motown ta tattara ta koma Los Angeles, kuma makaɗan sun ba da labarin cewa a jikin ƙofa suka ga sanarwar babu aiki. Jamerson ya bi su can, amma furodusoshin sabon wuri suna son tsirkiya mai ƙara da layi mai maimaituwa, ga shaye-shaye ya ci ƙarfinsa. A bikin da kamfanin ya kira na cika shekara 25, a 1983, daren da Michael Jackson ya yi takun nan na ja da baya duniya ta ɗauka, ana ba da labarin cewa Jamerson tikiti ya saya ya zauna cikin 'yan kallo. A watan Agustan shekarar ya rasu yana da shekara 47. Sai a 2000 aka shigar da shi zauren girmamawa na Rock and Roll, sai kuma fim ɗin Standing in the Shadows of Motown na 2002 ya nuna wa duniya fuskokin waɗanda suka rage.

Gordy ya sayar da Motown a 1988 a kan dala miliyan 61, sannan a 1997 ya sayar wa EMI rabin Jobete kaɗai a kan dala miliyan 132. Ya fahimci abin da Jim Stewart bai fahimta ba sai da ya makara, cewa dukiyar tana ga mai riƙe da takardar mallaka. Sam Cooke ya gane haka da ya kafa SAR, Ray Charles ya gane da ya sa sharaɗin mallakar faya-fayensa kafin ya koma ABC-Paramount, kuma Kenny Gamble da Leon Huff a Philadelphia da Sylvia Robinson ta Sugar Hill duk ta ƙofar da Gordy ya buɗe suka bi. Ya tabbatar wa Amurka cewa Baƙar fata zai iya riƙe wannan takarda, amma ya riƙe ta shi kaɗai. Duk mai son tuhumarsa ya tuhume shi a kan Jamerson da Andantes da Florence Ballard, zan tsaya masa shaida. Zancen cewa kiɗan ba na Baƙar fata ba ne kuwa, mai faɗin sa ya koma ya kunna Bernadette, ya rage sautin sama, ya ƙara na ƙasa.